Rigar Tela Mai Aljihu Arba'in

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki shagon Tela na ƙarshen layi ya san shi da abu biyu: cika baki da "dawo gobe". Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya ƙarasa aiki. Zai yanka yadi, ya kama shi da zare da allura, irin ɗinkin wucin gadin nan mai dogon taku da teloli ke yi don a gwada kafin a bi da keke, sai ya rataye shi a ƙusa, ya koma benci yana koya wa mutane yadda ake tafiyar da duniya.

Uwargidansa kuwa mace ce mai haƙuri har abin ya yi yawa. Tun suna sabon aure ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga teku, ta hau jirgin ruwa. Shekara ashirin da shida ke nan. A bangon kicin ɗinta akwai hoton wani farin jirgi da ta yanko daga tsohuwar kalanda, hayaƙi ya mai da shi ruwan ƙasa, amma ba ta yarda an cire ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba. In ta tuna masa, ya ce baɗi, ita kuma ta ce Allah ya kai mu.

Ran nan sai ga Tela ya faɗo shagon Mai Aski yana kaɗa wata takarda. Mai Shayi ma yana ciki, ana rage masa gashin baki.

"Ku buɗe kunne ku ji yadda masu kai ke yawon buɗe ido," in ji Tela. "Kwana uku, abu uku. Ran farko sayayya a babban birni. Na biyu hawan dutse. Na uku jirgin ruwa, a zagaya da mu bakin teku. Duka a kuɗin da wani zai kashe a motar zuwa kawai."

"Ina dutse ya shigo?" in ji Mai Aski.

"Nan dabarar take. Dutsen yana tsakanin birnin da tekun. Mota zagayawa take yi, mu kuwa mu bi ta kansa da ƙafa. Mun yi yawon dutse, mun kuma huta da kuɗin mota."

Mai Shayi ya karɓi takardar ya duba. Tikitin araha ne na iyali, mutum uku a takarda ɗaya: Tela, uwargidansa, da ƙanwarta Auta, wata malamar makaranta da bakinta ya fi almakashin Tela kaifi. A ƙasa an rubuta sharaɗi biyu. Ko su shiga tare, ko kowa ya zauna. Kuma kowane fasinja ƙaramar jakar hannu ɗaya tak, abin da ya wuce haka sai an ɗora a sikeli an biya.

"To sayayyar taka fa, ina za ka zuba ta?" in ji Mai Shayi.

Tela ya yi murmushin da yake yi in zai faɗi abin da yake ganin za a daɗe ana tunawa. "Sun ce jaka ɗaya. Sun yi maganar riga? Ka taɓa jin inda aka auna rigar da ke jikin mutum?"

Kafin magariba labari ya zaga layi cewa Tela zai ɗinka riga mai aljihu arba'in, kuma duk mai saƙo a birni ya kawo, za a zo masa da shi ba ko sisin dako. Mai Aski ya ce madubi. Mai Shayi ya ce babbar buta da kofuna. Matar maƙwabci ta ce tukwane uku masu shiga cikin juna. Wani ya ce dutsen guga, wata ta ce garin sabulu, wani tsoho ya ce agogo mai ƙararrawa. Tela bai ce wa kowa a'a ba, don a wurinsa a'a kalmar ragwaye ce.

Kwana huɗu yana kan rigar. Da ya fito da ita gwaji, layi ya taru. Tun daga wuya har idon sawu take, aljihu a gaba, aljihu a baya, aljihu a hammata, kowanne da launinsa.

Mai Aski ya matso ya kama wani aljihu mai ratsin shuɗi. "Wannan ba yadin wandona ba ne da ka ce bai isa ba?"

"Kama ce."

"Wannan kuma na rigar matata ne," in ji Mai Shayi.

"Masaƙa ɗaya ce ke yi wa kowa yadi," in ji Tela, ya yi maza ya juya baya.

A gida uwargida ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa. Farin zare ne, taku dogo-dogo.

"Maigida, ba ka bi ta da keke ba."

"Ke dai ba ki san aiki ba. Zare guda na ja tun daga ƙasa har wuya, ban yanke ba ko sau ɗaya. Ƙarfinsa ke nan. In mun dawo na bi ta."

"Yaya, ai asubar gobe za mu tashi," in ji Auta. "Ka bi ta yanzu mana, ga keke can yana hutawa."

"Auta, ki tsaya a alli da allo. Zare nawa ne."

A birni abin ya fara da daɗi. Uwargida ta yi ta kallon dogayen gine-gine, ta sayi mayafi ɗaya ruwan toka, ta ce ya ishe ta. Tela kuwa ya shiga kasuwa kamar wanda aka aiko ya kwashe ta. Duk abin da ya saya, ya ɗaga hannu ya jefa a aljihu. Tukwane suka tafi ciki, buta ta tafi kwankwaso, madubi ya kwanta a ƙirji, dutsen guga ya sauka a cinya, agogon tsoho ya samu wuri a tsakiyar gadon baya. Kafin la'asar Tela ya zama mutum biyu da rabi, in ya taka sai ka ji kamar an kifar da kwandon wanke-wanke.

A wani babban kanti mai gadi ya ga mutum yana cusa cokula a hammata, ya tare shi a ƙofa.

"Malam, buɗe."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Aka kwashe sa'a guda ana fito da kaya ana haɗa su da takardun saye, mutane sun yi da'ira suna kallo. Da aka ga babu na sata, mai gadin ya ba da haƙuri, ya ƙara da tambayar ko malam ƙaura yake yi.

"Ka ga ni?" in ji Tela da suka fito. "Har masu gadi sun tsaya koyon dabara."

"Ni na zaci sallama za su yi da kai zuwa ofishin 'yan sanda," in ji Auta.

Motar haya ta farko ƙofarta ba ta ɗauke shi ba. Ta biyu sai da yaran mota biyu suka tura shi a karkace. Ya tafi a tsaye, don da ya gwada zama buta ta nuna masa ba ta yarda ba.

Washegari da sassafe suka isa gindin dutse. Akwai masu yi wa baƙi jagora a zaune a ƙarƙashin wata rumfa. Ɗaya ya taso, ya dubi Tela sama da ƙasa.

"Da wannan za ka hau?"

"Da ita zan sauka ma."

"To ku ɗauki jagora. Sama hanya ta rabu uku."

"Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, hanya ce za ta ɓace mini? Dutse ai abu biyu ne, sama da ƙasa."

Sa'ar farko yana gaba yana ba da bayani a kan duwatsu da itatuwa, yana raɗa musu sunayen da shi ma ranar ya fara jin su. Sa'a ta biyu ya koma tsakiya. Ta uku yana can baya, gumi kashirɓan, yana cewa ya tsaya ne don ya tsare musu baya. Matan biyu da 'yan jakunkunansu suna tafe suna hira, iska mai sanyi na kaɗa su. Uwargida ta tsinki wani ɗan fure ta maƙala a jaka, rabon da a ga fara'arta haka an daɗe.

Sai hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko, ba wurin fakewa. Rigar ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ninka. Can Auta ta waiwaya, ta dafa 'yar'uwarta.

"Yaya, dubi mijinki. Yana tsiro."

Garin sabulun matar layi ne ya jiƙe. Kumfa ta fara fitowa ta aljihun hagu, ta gangaro ta ƙafa, ta hau ta wuya. Duk takun da Tela ya yi, rigar ta matse ta ƙara fitar da wata. Ya zama fari fat, ido kawai ake gani.

"Da gangan ne," in ji shi yana tofar da kumfa. "Wanki nake yi ina tafiya. Wa ya taɓa haɗa muku biyu?"

Bai rufe baki ba agogon tsoho ya ɗauki ƙara a gadon bayansa. Ya kai hannun dama, tukwane suka tare. Ya kai na hagu, buta ta tare. Ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar mai neman wutsiyarsa, santsin sabulu ya kwashe shi, ya zauna daɓas a kan dutsen guga. Abin da ya faɗa a lokacin ba na rubutawa ba ne.

Inda hanya ta rabu uku, ya zaɓi ta dama ba ko tantama. Ta kai su wani garken awaki. Awakin suka ji ƙanshin burodin guzuri da ke aljihun baya, suka bi shi a layi, ɗaya na jan gefen riga har ta tsinko bakin zare. Mai awakin, wata dattijuwa, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta nuna musu hanyar da suka baro tun azahar. Da kyar suka kai bukkar matafiya ta kan dutse rana na faɗuwa.

Da gari ya waye aka hango teku daga can sama, shuɗi shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Uwargida ta tsaya ta zuba masa ido. A bakin gaɓa ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa.

"Shi ne?" ta tambaya a hankali.

"Shi ne," in ji Auta. "Kuma sha biyu zai tashi, ko da mu ko ba mu."

Nan fa tsoro ya kama uwargida, don ta ga nisan gangaren, ta kuma ga yadda mijinta ke taka ƙasa kamar mai ciki wata tara.

"Maigida, ka rage kayan nan. Mu bar wa masu bukkar ajiya."

"In bar amanar mutane a kan dutse? Ki kwantar da hankalinki. In ma ya tashi, ai akwai na wani makon."

Uwargida ta ɗauki jakarta. Ta san tikitin na yau ne kaɗai, ta kuma san abin da wani mako ke nufi a bakin mijinta.

Sauka ta fi hawa wuya. Nauyin ya riƙa tura shi gaba, ya zamana ba shi ke tafiya ba, rigar ce ke tafiya da shi. Ya wuce matan a guje yana ihun a ba shi hanya, ya rungumi wata bishiya, madubin Mai Aski ya ce ƙas a ƙirjinsa.

"Me ya fashe?" in ji Auta.

"Ba fashewa ya yi ba. Biyu ya zama. Mai Aski ya ci riba."

Sun iso tashar jirgi saura minti goma. Ga jirgin nan fari ƙal, ya fi na kalanda kyau nesa ba kusa ba, mutane sun cika samansa suna leƙo ƙasa. Wata doguwar gadar katako ta tashi daga gaɓa zuwa ƙofarsa. A gindinta mai duba tikiti na tsaye kusa da sikeli. Ya karɓi takarda, ya ƙirga mutum uku da jaka biyu, sannan idonsa ya tsaya a kan Tela.

"Malam, mene ne wannan?"

"Riga."

"Me ke ƙara a cikinta?"

"Gaɓoɓina ne. Girma ya zo."

Agogo ya ɗauka a gadon baya.

"Wannan fa?"

"Lokacin shan maganina ne."

Mai tikiti ya zaro takardar doka daga aljihu, ya karanta gaba, ya karanta baya. Ya kira abokin aikinsa, suka karanta tare. Babu inda aka ambaci riga. Ya ja tsaki, ya matsa gefe. "Wuce."

Ai kuwa sai Tela ya kumbura fiye da yadda kaya suka kumbura shi. "Auta, kira mini Mai Aski a waya, ta hoto. Ina so layi ya gani da idonsa."

Auta ba ta taɓa yi masa biyayya da sauri irin na ranar ba. Nan da nan fuskar Mai Aski ta cika waya, bayansa Mai Shayi, matar maƙwabci, tsoho mai agogo da rabin layi suna turereniya.

"Ku kalli yadda ake shiga jirgi," in ji Tela. Ya sa matan a gaba, ya gyara wuyan riga, ya ɗora ƙafa a kan gada.

A katakon farko akwai wata 'yar ƙusa da ta ɗago kai. Bakin zaren nan da akuya ta tsinko jiya yana reto a gefen riga. Suka gamu.

Taku uku bai ji komai ba. A na huɗu aljihun ƙasa ya buɗe baki, cokula suka zubo. Ya waiwaya, ya ga farin zare miƙe tun daga ƙusa har jikinsa, sai ya yi abin da bai kamata tela ya yi ba: ya ƙara sauri. Zare guda ne, ba a yanke ba ko sau ɗaya, kamar yadda ya faɗa. Ya riƙa warwarewa layi-layi daga ƙasa zuwa sama, aljihu na bin aljihu. Dutsen guga ya faɗo ya daki katako. Kofuna suka gangara suna tsalle. Tukwane uku suka rabu, kowacce ta kama gabanta.

Daga cikin waya aka fara kiran kaya.

"Butata ce waccan ta faɗa ruwa," in ji Mai Shayi.

"Ƙaramar tukunyar, a tare ta, a tare ta mana!"

"Wancan mai walƙiyar madubina ne? Me ya sa na ga huɗu?"

"Ya ƙara riba," in ji Auta.

Mutanen saman jirgi suka kwashe da dariya, wasu na tafi. Kafin Tela ya kai tsakiyar gada, gaban riga ya faɗi, baya ya bi shi, hannuwa suka zame. Ya tsaya daga shi sai singileti da gajeren wando, da wuyan riga rataye kamar abin wuya, agogon tsoho na lilo a bayansa a aljihu na arba'in, wanda shi kaɗai zaren bai kai gare shi ba.

Jirgi ya yi ƙaho. Mai tikiti ya ɗaga murya. "Malam, minti biyu za a janye gada. Ko ka tsaya ka kwashe kayanka a auna, ko ka shiga. In ka tsaya, matan ma su sauko, takardarku ɗaya ce."

Tela ya dubi kayan da suka watsu har gaɓa, ya dubi wayar da layi ke kallonsa ta ciki. Kunya ta rufe shi. Ya durƙusa ya fara tsintar cokula, bakinsa ya kama abin da ya saba.

"Ba komai, ku sauko. Na gyara ta, mu dawo wani..."

Sai ya ɗaga kai. Uwargida tana ƙarshen gada, ƙafarta ɗaya ta riga ta taka cikin jirgi. Ta kalli teku sau ɗaya, kallo mai tsawo. Sannan ta janye ƙafar, ta juyo, ta fara saukowa tana naɗe hannun riga don ta taya shi tsinta, ba fushi, ba magana, kamar yadda ta saba shekara ashirin da shida. Wannan ya fi dariyar mutane duka yi masa ciwo.

Ya watsar da cokulan.

"Tsaya nan," ya ce. "Kada ki ƙara taku ɗaya. Yau za ki hau shi."

Ya miƙe a singiletinsa, ya haye sauran gadar da gudu, agogo na dukan bayansa. Ya kama hannunta ya shigar da ita, Auta ta biyo, aka janye gada.

"Kayanmu fa?" in ji Mai Aski daga waya.

"Ku kawo ɗinkinku," in ji Tela yana haki. "Duk wanda kayansa ya shiga ruwa, zan yi masa kyauta. Kuma da keke."

"Ku shaida," in ji Auta, ta kashe waya.

Jirgi ya ja baya, gaɓa ta fara ƙanƙancewa. Uwargida ta ciro sabon mayafinta ruwan toka ta yafa wa mijinta, ta je ta dafa ƙarfen gefen jirgi. Iska na kaɗa ta, ruwa na tsagewa fari a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Tela ya matso kusa da ita, ƙudundune a mayafi. Ya yi shiru na kusan minti guda, wanda a tarihinsa ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ya yi gyaran murya.

"Kin san dai da gangan na saki kayan nan. Jirgi ba ya son nauyi. Da ban yi haka ba, da yanzu..."

"Maigida," ta ce, idonta na kan ruwa.

"Na'am."

"Yi shiru in ji teku."

Ya yi shiru. Da agogon tsoho ya sake ɗaukar ƙara a bayansa, da kansa ya juya wa Auta baya, ya yi mata nuni da hannu ta kashe shi.